Ranar da Habiba ta Kira Sunan Ɗanta

Akwai wani ma'aikacin lafiya mai suna Mujitaba, a wani ƙaramin asibiti da ke ƙasar Tudun Wada, kan hanyar da ta miƙe zuwa Doguwa. Ba cikakken likita ba ne, makarantar koyon aikin lafiya ya yi. Amma kun san halinmu, duk wanda ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya ya zama Likita. Shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba. In ma ka kuskura ka ce masa Malam Mujitaba, sai ka maimaita kafin ya waiwayo.

Kada in ci haƙƙinsa, ya iya aiki. Tun daga bakin ƙofa yake gane yaron da zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, kuma hannunsa ba shi da zafi a wajen allura. Abu ɗaya ne ya ɓata shi: a ganinsa babu sauran abin da wani zai koya masa a duniya.

Wata shekara sai wata ƙungiya mai kula da lafiyar yara ta buɗe kwas ta intanet domin ma'aikatan lafiya. Kwas ɗin a kan yaran nan ne da ƙiriniyarsu ta wuce ta yarinta. Masu duka, masu cizo, masu fasa kaya, waɗanda ba sa iya zama a aji, waɗanda iyaye suka daka har hannunsu ya gaji amma babu abin da ya canza.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane mako a turo bidiyo ka kalla a wayarka. Ranar Asabar kuma a haɗu kai tsaye da wata likita a Kano, Dokta Zubaida, wadda ta yi furfura a aikin yara. In ka gama a ba ka satifiket, daga baya kuma ka kawo labarin wani yaro da ka duba da kanka, a tattauna a gaban kowa.

Mujitaba na jin an ambaci satifiket ya yi rajista.

Da ya buɗe bidiyon farko, sai ya tarar ba a iya tura shi gaba, dole sai ya tafi da ƙafarsa har ƙarshe. Ya yi tsaki. Ya rage murya, ya jefa wayar cikin dirowa, ya fita wurin mai shayi. Haka ya yi wa na biyu, haka ya yi wa sauran. Da dirowar nan tana da kunne, da yau ita ce ƙwararriya a duk Kano ta Kudu.

Na Asabar kuwa ya fi ban haushi. Zai shiga da wuri domin sunansa ya fito a jerin mahalarta, ya kashe kyamara, ya kashe murya, ya zura wayar a aljihu, ya hau babur ya nufi Tiga cin soyayyen kifi. Dokta Zubaida tana can tana zuba ilimi, tana kawo misalai, aljihun Mujitaba ne ke saurare.

Amsoshin jarrabawa a guruf ɗin 'yan kwas ya tsince su. A nan ne ma ya ga wani ya taƙaita karatun a 'yan layuka: uwa ta riƙa zama da yaro kullum suna wasa na ɗan lokaci, ta kalle shi, ta kira sunansa, ta yabe shi idan ya yi daidai, a kuma ajiye bulala.

Ya yi dariya ya ce wa mai shayi, "Ka ji abin da ake ɓata watanni a kai. Ni a zama ɗaya na haddace."

Satifiket ya fito, ya sa aka yi masa firam mai ruwan zinare. Kafin ya kafa shi a bangon ofis, sai da ya kai shi gida Kiru ya nuna wa mahaifiyarsa, Inna Rabi. Ya same ta tana tsince wake a faifai. Ta goge hannu a zane, ta shafa gilashin, idonta a kan waken ta ce, "Allah ya sa albarka, Baban Muhsina. Akwai fura a ɗaki."

Mujitaba ya ji yabon ya yi masa kaɗan. Ya sha furar ya koma bakin aikinsa.

Ana cikin damina, dawa ta fara fitar da kai, sai ga wasu mata biyu da wani yaro sun shigo asibitin. Daga wata ruga suke a gefen dajin Falgore. Ƙaramar, Habiba, ita ce uwar yaron. Tsohuwar kuwa surukarta ce, Dada Saude, doguwar mace mai jan baki, tana dogara sanda.

Yaron sunansa Sagir, bai wuce shekara bakwai ba. Kafin a gama gaisawa ya riga ya kifar da tiren auduga, ya hau sikeli ya dira, ya fisge hular wani dattijo da ke layi.

Dada Saude ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Likita, an ce kai ne ka karanto maganin irin wannan. Hedimasta ya koro shi, ya ce kada ya dawo sai an duba shi a asibiti. Ya ciji yara, ya fasa wa wani goshi da allo. A gida an daka, an ɗaure, an yi rubutu, shiru."

Ta nisa ta ci gaba, "Ubansa Abdulmumini ya yanke magana. Ya ce in aka gama girbi yaron nan bai nutsu ba, zai haɗa shi da baffansa Balarabe su bi shanu kudu. Balarabe kuwa, Likita, hannunsa ya fi bakinsa sauri. In aka tafi da shi, boko ta ƙare, mu ma ba mu san ranar ganinsa ba. Ka taimake mu kafin a yanke dawa."

Tana cikin magana Sagir ya ɗauki wata kwalba zai jefa. Tsohuwar ko tashi ba ta yi ba. Ta karkace kai ta ce, "Kai angona! Sagiru na Saude, mai farar saniya! A gaban baƙi za ka kunyata amaryarka? Zo ka riƙe mini sandata, kai kaɗai ka iya riƙe ta."

Yaron ya tsaya. Ya ajiye kwalbar. Ya zo ya karɓi sandar da hannu biyu, ya jingina da cinyarta yana hararar kowa.

Jama'a, a gaban idon Mujitaba aka yi wannan. Amma abin da ya gani daban ne.

Ya ce, "To, ga matsalar nan na gani. Irinku ne ke lalata su da shagwaɓa. Iya, fita ki jira a waje. Wannan aikin na uwa da ɗanta ne."

Dada Saude ta ce, "Likita, da ka bari na zauna, ai ni ce..."

Ya katse ta. "Iya, ke kika yi kwas ɗin ko ni?" Ya nuna bango da biro. "Kin ga wancan? Ba a kasuwar Ƙafin Maiyaki na saye shi ba."

Tsohuwar ta kalli firam ɗin, ta kalle shi. Ta zare sandarta daga hannun jikanta a hankali ta fita, ta zauna a gindin wata darbejiya. Ƙofar na rufuwa Sagir ya fara dukanta da ƙafa.

Mujitaba ya shimfiɗa tabarma, ya zube kwalayen magani da murafen kwalba a kai. Ya ce wa Habiba, "Zauna nan kusa da shi. Duk abin da ya gina, ki kalli idonsa, ki kira sunansa, ki ce ya kyauta. Shi ke nan maganin."

Habiba ta zauna a can gefen tabarmar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da yaron ya gaji da dukan ƙofa, sai ya zo ya ɗora kwali a kan kwali, ya jera murafe kewaye da su. Ya ce garke ne.

Mujitaba ya ce, "Yauwa, ga dama. Faɗi."

Habiba ta kalli bango. Da ƙyar aka ji muryarta. "Ɗan Dada ya iya."

"Wane ne kuma ɗan Dada? Ba shi da suna? Ce Sagir, ka kyauta."

Ta ƙara jan mayafin.

"Baiwar Allah, da ke nake. Sagir. Ki ce Sagir."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta ce, "Likita, ka yi haƙuri. Ba na iyawa."

Nan fa ran Likita ya ɓaci. Ya ɗaga murya yadda har na kan layi suna ji. "Ke wace irin uwa ce? Kin ɗauki cikinsa, kin haife shi, amma sunansa ya fi ƙarfin bakinki? To bari in gaya miki gaskiya. Ciwon yaron nan ke ce. Bai taɓa jin kalma mai daɗi daga bakinki ba, shi ya sa yake cizon 'ya'yan mutane. In aka tafi da shi kudu, kada ki zargi ubansa, kada ki zargi baffansa. Ke kika kore shi."

Habiba ta kawar da kai. Hawaye ne kawai ke sauka a kan tabarma. Sagir ya daina wasan, yana kallon uwarsa, yana kallon mutumin da ya sa ta kuka, sai ya sa ƙafa ya watsa garken nasa.

Mujitaba ya ce, "Kin gani ko? Ki je gida ki yi abin da na ce. Kullum. Kuma ba a ɓoye a ƙuryar ɗaki ba, a gaban mutane, ya ji kina alfahari da shi. In kin kira, zai zauna. Ku dawo ranar kasuwa mai zuwa."

Ranar kasuwa ta zo ba su zo ba. Wata ta sake zagayowa, shiru. Mujitaba bai ko tambayi 'yan acaɓar da ke shiga wajen ba. Ya ce wa mai shayi, "Mutanen daji ke nan. Ka ba su ilimi kyauta su watsar."

Ana nan sai lokacin kawo labarin yaro ya yi. A wannan karon babu zancen aljihu, dole a kunna kyamara. Mujitaba ya sa farar riga, ya juya kujera yadda firam ɗin zai fito a bayansa. Ga fuskokin ma'aikata daga Bebeji, daga Doguwa, daga wasu jihohi, kowa a ɗan akwatinsa.

Ya ba da labarin Sagir da ƙwarewa. Ya rufe da cewa, "Matsalar da muke fuskanta a karkara ita ce jahilcin iyaye. Uwar ta ƙi ba da haɗin kai."

Dokta Zubaida ta gyara tabarau. Ba ta da hayaniya. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Mujitaba. A gida wa ke ba yaron abinci? A ɗakin wa yake kwana?"

Ya ce, "Ai... uwarsa, ina jin."

"Kana ji, ko ka tambaya?"

Ya kawar da ido daga kyamara. Ta sake tambaya.

"Ita kaɗai ta kawo shi?"

"Da wata tsohuwa, kakarsa. Na sa ta jira a waje saboda tana shagwaɓa shi."

"Me ta yi da ka kira shagwaɓa?"

Ya faɗa mata. Yana faɗa yana jin maganar tana canza kama a bakinsa. Ta kira sunansa. Ta yabe shi. Ta ba shi ɗan aiki. Ya ajiye kwalba ya zo.

Dokta Zubaida ta ce, "Wato abin da muke koyarwa ta yi a gabanka, ka kore ta. To, yaron na nawa ne a wurin uwarsa?"

Bai sani ba. Amma kafin ya buɗe baki, jikinsa ya ba shi amsa, ya tuna maganar Habiba. Ɗan Dada ya iya.

Ta ce, "Malam Mujitaba, Asabar guda cur muka yi a kan wannan, kuma na ga sunanka a cikin mahalarta. Mun ce kafin ka koya wa kowa komai, ka tambayi yadda gidan yake. Mun ce a ƙasar nan akwai uwar da kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta kama sunansa ba, balle ta yabe shi a idon jama'a, kuma wannan ba ƙiyayya ba ce. Mun ce a irin gidan nan ka fara da wanda al'ada ta sakar wa baki, kaka ko goggo, ita kuma uwa a nemo mata hanyar da za ta iya. A garinku ba a kunyar ɗan fari ne?"

Mujitaba ya ji kamar an watsa masa ruwan randa.

A garinsu? A ɗakinsu ma. Shi ne ɗan farin Inna Rabi. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin Mujitaba daga bakinta ba. Yana yaro "kai wannan" ne. Da ya haifi 'yarsa Muhsina, sai Inna ta samu sauƙi, ya koma Baban Muhsina. Wadda ta riƙa kiran sunansa har maƙwabta su ji ita ce kakarsa, marigayiya Baturiya. Ita ke yi masa kirari in ya ci jarrabawa, ita ke ce masa mijina, ita kaɗai ke iya raba shi da faɗa. Inna kuwa sai dai ya tarar da fura a ɗaki, an rufe ta da faifai, an ajiye inda shi kaɗai zai gani.

Bai taɓa cewa Inna ba ta son sa ba. Ko da wasa bai taɓa ba. Amma ya kalli 'yar mutane ya ce mata wace irin uwa ce.

Dokta Zubaida ta ce, "Ba zan ƙara maka magana a gaban abokan aikinka ba. Ka ce wa'adin yaron girbi ne. Rufe wayar nan ka je ka nemo su."

A ranar ya hau babur. Ya bi titin Doguwa, ya sauka kan burtali, yana tambayar rugar Abdulmumini. Duk gonar da ya wuce sai ya duba. Dawa tana tsaye, kanta ya yi nauyi, ba a sa mata lauje ba. Ya riƙa cewa a ransa, alhamdu lillahi, da sauran lokaci. Har ya tsara yadda zai yi. Zai durƙusa wa tsohuwar, ya ba Habiba haƙuri, a fara daga farko, shi da kansa zai je wurin hedimasta.

Ya isa da la'asar. Ya tarar da Dada Saude zaune a ƙofar bukkarta, sandarta a kwance a ƙasa. Rugar ta yi tsit. Ba ihun yaro, ba mai cewa a kama shi.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta amsa masa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta sa aka kawo masa nono a ƙwarya. Sai da ya rasa inda zai sa kansa sannan ya ce, "Dada, ina Sagir?"

Ta ce, "Yau kuma ni ce ake tambaya, Likita? Ai na ɗauka aikin na uwa da ɗanta ne."

Ya ce, "Na yi kuskure, Dada. Na ɗauka kun watsar da maganata ne, ashe maganar tawa ce..."

Ta ɗaga hannu. "Watsarwa? Ina ma ta watsar."

Ta gyara zama ta ce, "Tun da muka dawo daga wurinka yarinyar nan ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Sai in ji ta a bayan bukka ita kaɗai, tana gwada sunan a bakinta, tana farawa tana tsayawa. Na ce mata, Habiba, bar wannan, ni zan riƙa yi. Ta ce, Dada, Likita ya ce ni ce ciwon. Ya ce in ban kira ba ni na kore shi."

Mujitaba ya ajiye ƙwaryar.

"Ran nan Balarabe ya zo da baƙi, manyan danginmu, ana shawarar hanyar da shanu za su bi bana. Suna zaune a can gindin kirya. Angona ya ɗauko musu buta, bai zubar ba, bai jefi kowa ba. Sai kawai muka ji murya daga wajen murhu. Habiba ce ta miƙe tsaye, kanta ba mayafi, ta ɗaga murya ta ce, Sagir, ka kyauta."

Tsohuwar ta share bakinta da gefen zane.

"Likita, a gaban yayan mijinta. A gaban surukanta. Wurin ya mutu. Wani ya yi salati, wata ta rufe baki tana dariya. Shi kansa yaron tsoro ya ji, bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba. Ya ga ana yi wa uwarsa dariya, sai ya ɗauki butar ya kwaɗa wa wani dattijo a fuska, har jini."

"Inna lillahi," in ji Mujitaba.

"Abdulmumini bai ɗaga kai ba har baƙi suka tafi. Ya ce asibitin da ke cire wa mace kunya ya ƙara wa yaro hauka, ba mai sake taka shi daga gidansa. Ya ce ba sai an jira girbi ba. Da Balarabe zai koma, ya tafi da shi."

Mujitaba ya ce, "Dada, a kira su a waya. Ni zan yi wa Balarabe bayani. Zan je har inda suke."

"Ina za ka je? Yau suna nan, gobe suna can, inda suke ma waya ba ta shiga. Kuma ubansa ya rantse." Ta ɗauki sandarta ta juya ta a hannu. "Da za su tafi angona ya riƙe sandar nan ya ƙi saki, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Ni na yaye shi, Likita. A bayana ya yi barci, a ƙwaryata ya sha. Sunansa a bakina yake tun ranar da aka raɗa masa. Da ka ce mini, tsohuwa, yi kaza, bar kaza, wallahi da na yi. Amma ka ce in jira a waje. To na jira."

Mujitaba ya sunkuyar da kai. Duk Turancin da ke kansa babu kalma ɗaya da za ta yi amfani a wurin.

Yana nan durƙushe sai ga Habiba ta dawo daga rafi da tulu a ka. Ta rame har wuyanta ya fito. Da ta gan shi sai ta sauke tulun, ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe shi da ladabi irin na ranar farko. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo a wurinsa.

Ya ce, "Habiba, ki yafe mini. Ba ke ce ciwon ba. Ban san abin da nake faɗa ba."

Ba ta kalle shi ba. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai irin ta wanda ya bi umarni yana jiran sakamako.

Ta ce, "Likita, na kira fa. Ka ce in na kira zai zauna."

Mujitaba ya koma gida a kan babur yana kuka kamar yaro, dawa tana tsaye dama da hagu.

Washegari ya sauke firam ɗin daga bango ya kifa shi cikin dirowar nan. Ya roƙi Dokta Zubaida ta mayar da shi kwas ɗin daga bidiyon farko. Yanzu in Asabar ta yi, yana zaune da biro, kyamara a kunne, shi ne mai yawan tambaya. Duk yaron da aka kawo masa, kafin ya ce komai sai ya tambaya, "A gida wa yake jin maganarsa?" In da tsohuwa a cikin 'yan rakiya, ita yake fara ba kujera. Yara da dama sun samu sauƙi a hannunsa, har daga Bebeji ana kawo masa.

Amma kada ku ce labarin ya yi daɗi. An yanke dawa, an sake shukawa, an sake yankewa. Ya koma rugar nan har ya daina ƙirgawa, Abdulmumini yana karɓarsa da nono da godiya, ba ya barin a ɗauko zancen. Wurin zaman Sagir a aji an ba wani yaro. Dada Saude ta rasu ba ta sake ganin angonta ba.

Ita kuwa Habiba, matan rugar sun ce tun daga ranar nan ba ta ƙara kama sunan ba. In an yi baƙo daga kudu, sai ta kawo masa ruwa ta tsaya daga gefe, ta jira har kowa ya gama tambayarsa, sannan ta ce a hankali, "Ɗan Dada fa, yana cin abinci?"

Darasi: Karatun da ka bari a aljihu kana karɓar takardarsa, wani bawan Allah ne zai biya kuɗinsa da rayuwarsa, ba kai ba. Idan an ba ka amanar lafiyar mutane, ka koyi abin har ƙarshe, kuma kafin ka ba da umarni ka tambayi yadda gidansu yake. Kada ka auna son uwa da abin da bakinta ya iya faɗa, kada kuma ka kori wanda yaro ke jin maganarsa. Ku tura wannan ga duk ma'aikacin lafiya, malamin makaranta da iyayen da kuka sani, wataƙila ya hana a bar wata Dada a waje.